Wace waƙa ake yi ranar wuya? Ɗan tarihin waƙoƙin sujada na Kiristocin Hausa

Ƴan uwa ɗalibai, da anka ce kowa ya kawo rubutun tarihi don wanga ɗan littafi namu, na daɗe ina juya abin da zan kawo. Wasu sun ɗauki Sarauniya ta Lugu, wasu Tanimun na Damagaram, wasu jam'iyyar Sawaba. Ni sai na ga gara in ɗauki ƙaramin abu wanda na tashi a cikinsa: waƙoƙin da Kiristoci masu jin Hausa suke yi a majami'a, daga ina sunka fito, kuma yaya ake zaɓensu in rana ta ɓaci. Na san mafi yawanku Musulmi ne, wasunku ba su taɓa leƙa ɗakin sujada ba, sai dai su jiyo muryoyi ta bisa katanga ranar Lahadi. To ku yi haƙuri ku biyo ni, tunda harshen namu ne mu duka.

Abin da ya sa ni wagga tambaya

Ina da shekara 12 a watan Janairu na 2015. Duk wanda ya yi wayo lokacin ya san abin da ya faru. Ranar Juma'a 16 ga wata, zanga-zangar nuna fushi kan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe a Damagaram, washegari Asabar ta kama Yamai. Mutum 10 sunka rasu a garuruwan biyu, ƴan sanda sunka ce majami'u 45 anka ƙona a Yamai kaɗai, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Mu a gidanmu, wani Alhaji maƙwabcinmu ne ya buɗe mana ƙofar baya, munka kwana biyu a ɗakin uwargidansa.

Da ƙura ta ɗan lafa, sai anka taru a tsakar gidanmu don yin sujada, mutum kamar 30 bisa tabarmi. Bencina sun ƙone, littattafan waƙa sun zama toka. Gwaggona ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, don haka kowa ya juyo yana kallonta. Wani saurayi ya ce a tada waƙar nasara mai zafi, a nuna ba a ji tsoro ba. Wani dattijo ya ce a karanta Zaburar da ke roƙon Allah ya saka wa wanda anka zalunta. Gwaggo ta yi shiru, ta daɗe ba ta ce komai ba. Zan faɗa muku abin da ta zaɓa in mun kai ƙarshe. Amma sai da na shiga jami'a na fara karatun kimiyyar harshe sannan na gane cewa rumbun da take zaɓe daga cikinsa ranar nan, an yi ƙarnuka ana zuba masa hatsi, kuma daga gonaki uku.

Gona ta farko: Zabura

Littafin waƙa mafi tsufa da Kirista yake da shi shi ne Zabura, wadda Musulmi ma sun san sunanta tare da na Annabi Dawuda. Waƙoƙi 150 ne a ciki, da Ibrananci anka tsara su, kuma Yahudawa ne sunka fara rera su kafin Kiristoci su gada. Abin da ke ba mai karatu mamaki shi ne wajen kashi ɗaya cikin uku nasu kuka ne: mara lafiya yana kuka, wanda anka yi wa ƙazafi yana kuka, al'umma da anka ci da yaƙi tana kuka. Zabura ta 137 ta fito ne daga bakin mutanen da anka kwasa bauta zuwa Babila bayan faɗuwar Urushalima, wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, kuma maganarta ita ce yaya mutum zai iya waƙa a ƙasar da anka kai shi dole.

Mafi yawan Zaburorin kuka suna da tsari guda. Mai waƙa yana fara kiran Allah, ya zayyana abin da ya same shi ba ɓoye-ɓoye, ya tuna alherin da anka yi masa a baya, sannan ya ƙare da dogara. Amma akwai ta 88, wadda ta fara da duhu ta kuma ƙare da duhu, ba lallashi ko kaɗan a ƙarshenta. Waɗanda sunka tattara littafin ba su fidda ta ba. A ganina wanga babban darasi ne ga mai zaɓen waƙa, domin ya nuna tun asali an yarda mutum ya zo gaban Allah da baƙin cikinsa yadda yake. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 16, ya ba da labarin Bulus da Sila suna waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi bayan an yi musu bulala. Ke nan waƙa cikin wuya tana nan tun farkon addinin.

Gona ta biyu: waƙoƙin Turai da Amurka

Mu da munka tashi muna jin waɗanga waƙoƙi masu tafiyar hawainiya, mukan ɗauka waƙoƙin masu ƙoshi ne. Tarihinsu bai ce haka ba.

A Jamus, Martin Luta ya nace cewa jama'a su yi waƙa da harshensu, kada a bar ta ga limamai da Latin. Littafin waƙoƙi na farko na mabiyansa ya fito a 1524. Shahararriyar waƙarsa da ya gina bisa Zabura ta 46, mai kwatanta Allah da ganuwa, ya tsara ta tsakanin 1527 da 1529, shekarun da annoba ta shiga garinsa Witenbag kuma ransa yana cikin haɗari daga hukuma.

Bayan shekara ɗari sai Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648) ya cinye Jamus. A garin Ailenbag akwai wani fasto, Martin Rinkart. Garin yana da ganuwa, ƴan gudun hijira sunka cika shi, yunwa da annoba sunka biyo su. A 1637 ya kai ga shi kaɗai ya rage cikin limaman garin, ya binne mutum fiye da 4,000 a shekarar, har da matarsa. Waƙar da duniya ta san shi da ita, wadda ya tsara cikin shekarun yaƙin nan, waƙar godiya ce.

Joseph Scriven mutumin Ailan ne. Budurwarsa ta nitse a ruwa ana gobe ɗaurin aurensu, ya yi ƙaura zuwa Kanada. A 1855 ya rubuta wasu baitoci ya aika wa mahaifiyarsa da ke kwance ba lafiya a gida, yana ce mata Yesu aboki ne da za a kai wa kowace damuwa cikin addu'a. Bai yi niyyar a buga su ba. A 1868 wani Ba'amurke, Charles Converse, ya sa musu murya. Ku riƙe sunan Scriven, za mu komo gare shi.

Sai Horatio Spafford, lauya a birnin Shikago. Gobarar 1871 ta ci dukiyarsa. A Nuwamba 1873 ya sa matarsa da ɗiyansa mata huɗu cikin jirgin ruwan Faransa mai suna Ville du Havre, jirgin ya yi karo da wani a tekun Atalantika ya nitse, mutum 226 sunka mutu, har da ɗiyan duka huɗu. Matar kaɗai ta tsira. Daga nan ya rubuta waƙar da ke cewa ransa yana cikin salama duk da abin da ya faru.

Irin waɗanga waƙoƙi wani mawaƙi, Ira Sankey, wanda ke yawon wa'azi tare da D. L. Moody, ya riƙa tattarawa tun 1873. Littafinsa ya fara ƙarami, ya yi ta girma har ya kai waƙa 1,200. Shi ne ƴan mishan masu jin Ingilishi sunka tashi da shi a gidajensu, shi sunka sa cikin akwati da za su taho Afirka.

Yadda sunka iso ƙasar Hausa

Kafin a juya waƙa, sai an fara rubuta harshen da boko. A nan akwai wani ɗan ƙasarmu da ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya sani: Dorugu, yaro daga wani ƙauye a yankin Kance, ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, daga baya ya samu ƴanci, ya yi wa matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth hidima, ya bi shi Turai a 1855. A Ingila ya zauna da wani ɗan mishan, James Frederick Schön, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Da taimakon Hausar Dorugu Schön ya fidda nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, ya kuma yi ta juya sassan Littafi Mai Tsarki. Ashe Hausar boko ta farko da Turai ta karanta da yawa, akwai Damagaranci a bakinta.

A 1900 wata tawagar mishan ɗin CMS ta isa Kano, Sarki Aliyu ya sallame su. Cikinsu akwai likita Walter Miller, wanda ya zauna Zariya daga baya, ya zama jigon aikin fassarar da ta kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A gefe guda kuma akwai mishan ɗin SIM, wanda mutum uku sunka fara a 1893, biyu sunka mutu cikin shekara guda, Rowland Bingham kaɗai ya rage. SIM ɗin nan ne ya ƙetaro Nijar: Damagaram a 1924, Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920, gidan likita na Galmi a 1950, sai wurin jinyar kutare na Danja a shekarun 1950. Daga wanga aiki ikilisiyar EERN ta fito a farkon shekarun 1960. Katolika kuwa ta kafa mishan a Yamai a 1931.

Abu biyu za mu lura da su. Na ɗaya, masu bi na farko ba kaɗan ba sun koyi waƙoƙin nan ne a wuraren ciwo: bakin gadon likita, zangon kutare, gidan marayu. Waƙar Scriven da ya rubuta wa uwa mara lafiya ta sake faɗawa kunnen marasa lafiya. Na biyu, Nasarun Faransa masu mulki ba su saki jiki da waɗanga masu jin Ingilishi ba, kuma cibiyar mishan ɗin tana Jos. Daga Najeriya littattafai ke shigowa, har da wanda kowa ke kira Littafin Waƙoƙi. Shi ya sa mutumin Maraɗi da ke cewa "munka" da "sunka" a gida da kasuwa, in ya buɗe baki a majami'a sai ka ji "muka" da "suka". Littafin waƙa ya yi aikin yaɗa daidaitacciyar Hausa a ƙauyukan da lakwal ba ta koyar da Hausa ko kaɗan.

Inda harshe ya yi gardama

Yanzu bari in sa hular ɗalibar harshe. Waƙar Ingilishi ana auna ta da yawan gaɓoɓi da kuma inda ake danna murya. Kari mafi yawa a waƙoƙin majami'arsu shi ne ɗango mai gaɓa 8, sai mai 6, sai 8, sai 6. Hausa ba haka take tafiya ba. Mu muna da abu biyu da Ingilishi bai damu da su ba.

Na farko nauyin gaɓa. Akwai gaɓa sassauƙa, baƙi da gajeren wasali, akwai mai nauyi, wadda ke da dogon wasali ko ta ƙare da baƙi. Bambancin "gari" na zama da "gari" na tuwo tsawon wasalin farko ne kawai. Bisa wanga nauyi rubutattun waƙoƙinmu na ajami suke tafiya, kamar yadda arulin Larabci yake, kuma makaɗan baka ma da shi suke auna kiɗansu ko da ba su san sunansa ba. Na biyu karin sauti. "Baba" in murya ta fara ƙasa ta hau sama, uba ne. In ta fara sama ta sauko, uwa ce ko gwaggo. In ta tsaya sama duka, shukar rini ce.

To ka ɗauki muryar da anka tsara wa kalmomin Ingilishi, ka ce za ka zuba mata Hausa. Inda muryar ta ja dogo, sai gajeren wasali ya faɗo wurin. Inda ta hau, sai kalma mai saukar sauti ta zo. Ga kuma tsawon kalmomi: abin da Ingilishi da Faransanci ke faɗa da gaɓa ɗaya, mu "bangaskiya" muke cewa, gaɓa huɗu, rabin ɗango ke nan ya tafi. Dole mai fassara ya yar da rabin ma'ana ko ya matse kalmomi. Kada mu yi musu dariya da yawa, domin Schön bai rubuta karin sauti ba sam, kuma sai a ƙamus ɗin Bargery na 1934 anka samu babban aikin da ya nuna karin kowace kalma. Sun yi aiki ne da abin da kunnensu ya kama. Amma sakamakon yana nan: akwai baitocin da in ba ka riƙe littafi ba, ba ka gane abin da ake faɗa.

Sai zaɓen kalmomi. Masu fassara sun iske harshen da Musulunci ya riga ya cika da kalmomin addini, sunka ɗiba: Allah, Ubangiji, addu'a, zunubi, Ruhu, Almasihu. Wasu sun sauya ma'ana a hanya. "Sujada" ga Musulmi sa goshi ƙasa ne cikin salla, ga Kirista kuwa dukan taron ibada ne. "Majami'a" da "jami'a" da "Juma'a" duk saiwarsu ɗaya a Larabci, wato taruwa. "Bishara" ƴar uwar "albishir" ce. "Ikilisiya" kuwa daga Girkanci take, uwa ɗaya da kalmar da Faransanci ke kiran ɗakin sujada da ita. A wurin imani sai sunka ɗauki kalmar gida, bangaskiya, wato ba da gaskiya.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce "bege". Ana neman kalmar da za ta ɗauki ma'anar jiran alheri daga Allah da tabbaci. "Fata" ta yi rauni, don ana fatan abin da ba lalle ya zo ba. "Tsammani" ba ta da ɗumi, ana tsammanin ruwa ana tsammanin fari. Sai anka ɗauki "bege". Amma a Hausar gida bege marmarin wanda ba ya kusa ne, irin na uwa ga ɗanta da ya tafi ci-rani, kuma shi ne sunan waƙoƙin ƙaunar Annabi da sha'irai ke yi. Sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito wajen 1980 ta koma ga "sa zuciya" a wurare da dama, ta kuma fi son "Almasihu" a inda tsohuwar ke cewa "Kristi". Amma a bakin masu waƙa "bege" ta zauna daram. Ni dai ina ganin kalmar ta ƙara wa ma'anar wani abu, domin wanda ke cikin wuya jiransa haɗe yake da marmari da ciwon zuciya.

Gona ta uku: abin da mata sunka shuka

Ƴan mishan na farko ba su yarda da ganga a sujada ba. A ƙasar Maraɗi musamman, kiɗa a kunnensu na bori ne ko na maroƙa. Don haka anka daɗe ana waƙa a zaune, ba tafi, ba rausaya, kowa da littafi a hannu, ana kiran waƙa da lambarta.

Amma mata da yawa ba su yi karatun boko ba, kuma suna da nasu taron, zumuntar mata. A nan ne sunka fara tsara waƙa yadda Bahaushiya ta iya: mai bayarwa ta ja ɗango, sauran su amsa, kamar waƙar daka ko ta dandali. Sunka kawo tulu ana buga bakinsa, da kacau-kacau, da tafi. Sukan ɗauki labari guda, Ayuba da ƙurajensa, Yusufu a rijiya, Hannatu mai neman haihuwa, su saƙa shi da muryar gida. A waɗanga waƙoƙi ba ka jin kalma tana faɗa da murya, domin tare anka haife su. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abubuwa daga waje ma sun taimaka. Babban taron Katolika na Batikan na biyu ya fidda takarda a 1963 da ta buɗe ƙofa ga harsunan gida da kiɗan gida a ibada, shi ya sa yau koral ɗin Katolika a Nijar ke waƙa da Hausa, Zabarmanci, Gurmanci da Faransanci, har da harsunan baƙi ƴan Benin da Togo. Rediyo kuma ya ɗauki waƙa ya ƙetare iyaka da ita: shirye-shiryen Muryar Bishara, da ake ɗauka a Jos ana watsawa daga Adis Ababa, sun yi ta shigowa har 1977 da gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar. Daga baya kaset ya karɓa, yau kuma salula.

Gwaggo ta ce mini lokacin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, waƙoƙin zumunta sun yawaita ƙwarai. Ta ce mace ba ta iya tsayawa gaban maza ta ce rumbu ya ƙare kuma maigida ya tafi ya bar ta da yara, amma tana iya tada waƙar gwauruwar Zarefat da ɗan garinta na ƙarshe a tukunya, kowa kuma ya gane da wa ake. Kusan duk waƙoƙin nan ba a rubuta su ba.

Mu koma tsakar gida

Ga abin da Gwaggo ta yi ranar nan. Ba ta tada waƙar nasara ba, ba ta kuma bari an karanta Zaburar sakayya ba. Ta fara da waƙar Scriven da Hausa, a hankali, ƙasa-ƙasa. Baiti na farko ita kaɗai da wasu tsofaffi biyu. Kafin a kai na biyu kowa ya shiga, maza na share hawaye da hannun riga. Bayan addu'a ta tada wata ta zumunta kan Ayuba, mai gajeren amshi, har mu yara munka kama. Da ita anka tashi.

Bara da na je hutu na tambaye ta dalili, da littafin rubutuna a hannu. Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, ke komai sai kin rubuta?" Sannan ta ba ni amsa, ga ta yadda na iya tsara ta.

Ta ce da farko, ranar wuya ba ranar koyon sabuwar waƙa ba ce. Wadda kowa ya haddace ake nema, da mai karatu da wanda bai yi ba, tunda ga shi littafin ma babu. Ta biyu, kada waƙa ta yi wa mutane ƙarya. Wanda warin hayaƙi bai bar rigarsa ba, in ka ce ya tashi ya yi rawa, bakinsa zai yi amma zuciyarsa tana wani wuri. A bar shi ya yi kuka tukuna, sannan a ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Da ta faɗi haka sai na tuna tsarin Zaburorin kuka, ita kuwa ba ta taɓa karanta sharhinsu ba. Ta uku, ta ce, "Katangar nan tsakaninmu da Alhaji ba ta kai tsawon mutum ba. Mutumin da ya ɓoye mu a ɗakin matarsa, in ya jiyo muna waƙar abokan gaba, da wa zai ce muke?" Ta ce waƙa ba ta san katanga ba, kuma yara suna ji, abin da ka sa a bakinsu ranar nan da shi za su girma. Ta huɗu, a ƙare da mai amshi, wadda mutum zai tafi da ita gida ya riƙa yi yana shara ko yana ɗibar ruwa, domin wuyar ba ranar Lahadi kaɗai take ba.

Na ce mata, "Amma Gwaggo, waccan ta farkon ai Hausarta a karkace take, muryar Nasara ce." Ta ce ta sani, tun tana yarinya take jin wasu kalmomin ba su zauna daidai ba. "Amma da ita anka binne kakarki, da ita anka binne kakanki. In na tada ta, ba mu 30 ba ne a tsakar gidan."

Wagga amsa ta gyara mini tunani. A aji mun koyi auna gaɓa da karin sauti, kuma ma'aunin gaskiya ne: waƙar da ta bi harshe ta fi saurin shiga kai, ta fi fita sarai. Ina nan kan ra'ayina cewa matasan koral su riƙa tsara sababbi bisa karin Hausa maimakon kwaikwayon duk abin da sunka jiyo a intanet. Sai dai akwai nauyin da ma'auninmu ba ya kamawa, wanda waƙa ke tarawa daga bakunan da sunka rera ta da kuma ranakun da anka rera ta. Baitocin da wani mutumin Ailan ya aika wa uwarsa a 1855 sun yi shekaru suna zaga gadajen Galmi da maƙabartun ƙauyukanmu, har sun zama namu duk da karkacewarsu.

Abin da ke damuna shi ne gona ta uku. Zabura tana rubuce, Littafin Waƙoƙi in ya ƙone ana sayo wani, kuma an sayo. Waƙoƙin zumunta na lokacin El Buhari kuwa suna cikin kan tsofaffi ne kawai, kuma tsofaffin suna tafiya. A cikinsu akwai tarihin yunwa, ƙaura da zaman aure da ba za ku samu a takardun gwamnati ba, akwai kuma Gobiranci, Katsinanci da Damagaranci tsantsa waɗanda littafi ya goge. Na fara ɗaukar muryar Gwaggo da salula, zuwa yanzu ina da waƙa 17, ina rubuta su da alamar tsawon wasali da karin sauti. Ina roƙon duk mai kaka ko gwaggo a zumunta, a Maraɗi, Tawa, Dogon Dutsi ko Yamai, ya yi haka. Ku ma ƴan uwana Musulmi, kakanninku suna da waƙoƙin bege, na daka da na reno da sunka fidda su daga shekarun 1973 da 1984. Ku ɗauka tun suna da murya, mu haɗa a fitowa ta gaba.

Na manta ban faɗa ba: ranar nan da anka watse, Hajiya uwargidan Alhaji ta miƙo ƙwaryar fura ta bisa katanga, ta ce wa Gwaggo, "Mun ji ku. Allah ya ƙara haƙuri." Gwaggo ta ce amin, ta karɓa.